Sandar Ƙwallon Lambu da Ƙotar Sungumi: Wa Zai Yi Mana Awo?

Gidajen rediyon da ke watsa shirye-shirye da Hausa sun laƙaba wa wasan da Turawa ke kira golf sunan "ƙwallon lambu", kuma ga alama sunan ya fara zama a bakin jama'a. Ni da abincina ke fitowa daga nazarin harshe, sunan yana burge ni don ya fi kalmar Turancin daɗin furtawa, amma kuma yana nuna cewa wanda ya raɗa shi daga nesa ya hango wasan, a hotunan filayen Ingila da Amurka masu ciyawa kore shar kamar an shimfiɗa darduma. Wanda ya san filayen Arewa tun zamanin Turawan mulkin mallaka ya san cewa a yawancinsu babu wani lambu a bakin rami. Yashi ne ake cuɗawa da baƙin mai a daddaɓe, sannan yaro ya ja buhu ya share wa mai bugu hanya kafin ya gangara ƙwallonsa. Tun shekarar 1913 ake buga wasan nan a Rayfield da ke Jos, ga tsofaffin kulob na Kano da Kaduna, ga na IBB da aka buɗe a Abuja a 1991, amma bayan shekara ɗari da ɗoriya har yau Bahaushe bai ba sassan sandar da ake wasan da ita suna ba. Abin da al'umma ba ta raɗa wa suna ba kuwa, alama ce ta cewa hannunta bai taɓa aikinsa ba, saye kawai take yi.

A kan wannan sayen nake son in yi magana, domin na san da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi, manyan ma'aikata da likitoci da 'yan kasuwa da hafsoshin da suka ajiye kaki, sun rungumi wasan nan, wasu bisa shawarar likita, wasu don a nan ne ake haɗuwa da waɗanda ba a samu a ofis. Ban ga laifin kowa ba. Abin da ke damuna shi ne yadda ake sayen kayan wasan. Mutum zai bi ta Dubai ko Landan, ya shiga kanti, ya tambayi sunan kamfanin da ya fi tashe, ya nemi wadda ta fi tsada, ya biya da Dala ko Fam, ya sa a jirgi. Ko rigar Sallah ba ma yi mata haka. Babu babban mutumin da zai yarda a ɗinka masa babbar riga ba tare da tela ya sa tef ya auna shi ba, amma ya yarda ya sayi sanduna goma sha huɗu, wato iyakar adadin da dokar wasan ta yarda a ɗauka tun ƙarshen shekarun 1930, waɗanda aka yi su a kan tsawo da ƙarfin wani mutum na misali da kamfani ya zana a takarda.

Bari in ɗan yi bayanin abin da ake aunawa, saboda a nan ne maganar take. Sandar ƙwallon lambu gida uku ce: akwai kan da ke dukan ƙwallo, akwai gorar da ke ɗauke da shi, akwai mariƙi na roba ko fata. Kamfanoni daban-daban ke yin kowanne, haɗa su kawai ake yi. Gwanin haɗa sanda yakan fara da auna tsawon mutum, sannan ya auna daga wuyan hannunsa zuwa ƙasa yana tsaye hannuwa a sake, don mutum biyu za su iya zama tsawo ɗaya amma hannun ɗaya ya fi na ɗaya sauka. Daga nan yake yanke tsawon gora. Sai ya duba saurin da mutum yake kaɗa sanda. Ƙwararrun 'yan wasa maza sukan kaɗa babbar sanda da gudun da ya kai kimanin kilomita 180 a awa, mai wasan nishaɗi kuwa wajen 150, dattijo ƙasa da haka. Gora mai tauri a hannun marar sauri ba za ta lanƙwashe ta sako ƙwallon a kan kari ba, gora mai taushi a hannun mai ƙarfi kuma sai ta yi ta watsa ƙwallo gabas da yamma. Sai kaurin mariƙi, wanda ake daidaitawa da tsawon tafi da yatsu.

Awon da ya fi ba ni sha'awa shi ne na zaman sanda a ƙasa, wato kusurwar da ke tsakanin gora da gindin kai. A sanda mai lamba bakwai kusurwar tana wajen digiri 62. Idan ta miƙe fiye da yadda tsayuwar mutum take buƙata, dudduge ne zai fara cin ƙasa, hancin ya ɗaga, sai ƙwallon mai bugu da dama ya karkata hagu. Idan ta kwanta da yawa, hancin ne zai ci ƙasa, ƙwallo ya tafi dama. Mutum zai shekara yana zargin hannunsa da idonsa, yana biyan mai koyarwa, alhali digiri biyu ne rak suke cin amanarsa. Gano wannan ba ya buƙatar kwamfuta. Ana manna takarda a gindin sandar, mutum ya yi bugu a kan faffaɗan allo, sai a duba inda takardar ta goge. In kan sandar na ƙarfe mai laushi ne da aka ƙera, ana ɗaure shi a lanƙwasa wuyan da digiri ɗaya ko biyu, magana ta ƙare. Wani injiniya ɗan asalin Nowe mai suna Karsten Solheim, wanda ya fara haɗa sanduna a garejin gidansa a Amurka a 1959 ya kuma kafa kamfanin Ping, shi ne ya mayar da wannan awo tsari a 1972, inda yake ɗiga launi a kan kowace sanda don nuna irin tsayuwar da ta dace da ita.

Akwai kuma abin da mai kanti a Landan ba zai taɓa tambaya ba, wato irin ƙasar da za a yi wasan a kanta. A 1932 wani ɗan wasan Amurka, Gene Sarazen, ya narka dalma ya ƙara wa gindin sandarsa tudu don kada ta nutse a cikin yashi, kuma daga nan aka samu sandar fitar da ƙwallo daga ramin yashi da kowa ke ɗauka a yau. Wannan tudu alheri ne a ciyawa mai laushi da yashi mai zurfi. Amma a ƙasarmu ta rani, wadda hunturu ya busar ta yi tauri kamar daɓe, sanda mai babban tudu tsalle take yi daga ƙasa ta sari ƙwallon a ciki, ya wuce rami kamar an harba shi. Mai wasa a Kano cikin Fabrairu yana buƙatar gindi mai ƙaramin tudu, wanda ake samu ta hanyar zaɓe ko ta hanyar goge shi da dutsen wasa ƙarfe. Wanda ya san ƙasar ne kaɗai zai san haka. Masu iya magana sun ce da ɗan gari akan ci gari.

To, me ya kawo Kongolam cikin wannan zance? Garin nan na bakin iyaka, a Ƙaramar Hukumar Mai'aduwa ta masarautar Daura, inda hanya ke tsallakawa zuwa Ɗan Barto da Matamaye har Damagaram, ba garin ƙwallon lambu ba ne, kuma ba na fatan ya zama. Na kawo shi ne saboda a wannan yanki mai jigawa, duk sa'ad da ruwan shuka ya sauka, za ka ga manomi a tsaye da sungumi, yana ɗaga doguwar ƙota yana saukewa, yana saran rami a kowane taki, yara na biye suna zuba iri suna binnewa da ƙafa. Duk wanda ya kalli wannan aiki da idon basira zai ga cewa matsalar mai sungumi da ta mai ƙwallon lambu iri ɗaya ce: ƙaramin ƙarfe a ƙarshen doguwar sanda, wanda dole ya sauka daidai wuri ɗaya sau ɗaruruwa ba tare da ya karya bayan mai riƙe da shi ba. Kuma manomin da ya je kasuwar Mai'aduwa ba ya sayen ƙota da suna. Yakan ɗaga ta ya ji nauyi, ya tsaya ya gwada sara, ya ce wa masassaƙi a rage nan, ko ya ce wa maƙeri ruwan ya miƙe da yawa, a ɗan kwantar da shi. Maƙerin zai mayar wuta, ya ɗora a uwar maƙera, ya taɓa da masaba sau biyu ko uku. Wannan shi ne ainihin gyaran kusurwar da na bayyana a sama, wanda ake biyan kuɗi mai tsoka a kansa a Turai.

Harshenmu ma shaida ne. Tsofaffin ma'aunanmu duk daga jikin mutum aka ciro su: taƙi daga babban yatsa zuwa na tsakiya, kamu daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, gaba daga hannu zuwa hannu in an ware, taki kuma na ƙafa. Ana yawan kushe su da cewa kamun dogo ba ɗaya yake da na gajere ba, kuma gaskiya ne in yadi za a saya. Amma in kayan aiki za a yi wa mutum, wannan bambancin shi ne amfaninsu, domin ƙotar da aka auna da kamun mai ita ta riga ta dace da shi tun kafin a sare ta. Inda muka tsaya shi ne ba mu rubuta ba. Maƙeri yana da awon a idonsa da hannunsa, in ya mutu ya tafi da shi, kuma ba zai iya yi maka guda takwas da kowace ta fi 'yar uwarta da rabin inci daidai ba, kamar yadda jerin sandunan ƙarfe na ƙwallon lambu yake buƙata. Tazarar da ke tsakanin maƙerin Kongolam da mai haɗa sanda a Sikotilan ita ce tef da ma'aunin kusurwa da sikeli da littafin rubuta abin da aka auna.

Kada mai karatu ya ɗauka zuga ce irin ta masu kishin gargajiya. Tarihin sana'ar ne ya nuna haka. A Sikotilan, inda wasan ya girma har majalisar ƙasar ta haramta shi a 1457 saboda yana hana samari koyon harbin kibiya, masu yin baka ne suka fara yin sandunan. A 1502 Sarki James na Huɗu a wajen wani mai yin baka na garin Perth ya sayi nasa, kuma a 1603 wani mai yin baka, William Mayne, aka naɗa mai yi wa sarki sanduna. Kawunan ƙarfe kuwa maƙeran ƙauye ne suka riƙa ƙera su, waɗanda ke yi wa dawaki takalma. A Japan, wajen 1930, maƙeran garin Ichikawa da ke kusa da Himeji ne suka fara gwada ƙera kawunan, kuma a yau sandunan da ake ƙerawa a wannan yanki, irin na gidan Miura, suna cikin mafi daraja a duniya. Mu kanmu, a labarin da muka gada na kafuwar Hausa Bakwai, Bayajidda bai iso rijiyar Kusugu hannu sake ba. Sai da ya tsaya a Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa irin yadda ya bayyana musu. Wato labarin asalinmu ma da aikin sautu ya fara.

Sai dai ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Babu maƙerin da zai zauna da zugazugi da gawayin ƙirya ya fitar da kan babbar sanda na zamani, wanda ake yi da titaniyom mai rami a ciki, bangonsa bai fi kaurin ƴar takarda mai kauri ba a wasu wurare, haka nan babu mai naɗe gorar zaren kabon a rumfa. Tun 1929 hukumar wasan da ke St Andrews ta halatta gorar ƙarfe, gorar itace ta fara ɓacewa, kuma kan itace ya bi ta a shekarun 1980 da 1990. Abin takaici ne ta wani fanni, don itacen da aka fi sassaƙa kawunan da shi a Amurka ɗan uwan kanyarmu ne na jini, dangi ɗaya suke a wajen masana tsirrai. Wannan jirgi ya riga ya tashi. Abin da ya rage, wanda kuma shi ne ke hannun ƙananan masu sana'a ko a Turai, shi ne awo da haɗawa da gyara: yanke gora, ɗumama wuya a cire tsohuwa, manna sabuwa da gam na haɗi biyu, lanƙwasa kusurwa, ƙara nauyi da dalma, goge gindi, sauya mariƙi. Mariƙin roba kuwa zafinmu ba ya raga masa, musamman in ya kwana a bayan mota cikin Afrilu. Yakan bushe ya yi santsi, mai shi ya riƙa matse sanda da ƙarfi ba tare da ya sani ba, daga nan ciwon gwiwar hannu ya taso. Duk kayan wannan aiki teburi ɗaya ya ishe su.

Muna da misali a gida na yadda wasan baƙi ke zama na gida. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ne ya kafa wasan holo a Katsina a farkon shekarun 1920, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya kai maki bakwai a ma'aunin da ƙololuwarsa goma ce, matsayin da har yau ake ambato a tarihin wasan a Nijeriya. Holo ya zauna ne saboda ya tarar da al'ummar da ta san doki: akwai masu kiwo, masu horo, masu ɗinkin sirdi da linzami, masu magani. Har sunan ma mun tauna shi ya koma namu, harafin farko ya bi ƙa'idar bakin Katsinawa. Amma ko a holo, sandar daga waje take zuwa, gorarta daga dazuzzukan Indunusiya da Maleshiya, kanta daga wani itace na Ajantina, ana kuma zaɓen tsawonta, daga inci 49 zuwa 54, gwargwadon tsayin dokin da za a hau. Ɗan holo ya san dole a auna sanda da doki. Ɗan ƙwallon lambu ne ya manta cewa shi ne dokin kansa.

Wannan ya kawo ni ga rabin maganar na biyu, wato jikin da zai riƙe sandar, don awo ba ya amfani a jikin da ba a shirya ba. Ana yi wa wasan nan kallon na tsofaffi da masu tumbi, kuma tafiyarsa lalle mai sauƙi ce: ramuka 18, kimanin kilomita takwas zuwa goma a ƙafa cikin awa huɗu. Wannan kaɗai ya wuce minti 150 na motsa jiki da Hukumar Lafiya ta Duniya ke so baligi ya samu a mako. Wani bincike da Cibiyar Karolinska ta Suwidin ta fitar a 2008, a kan 'yan wasa kimanin 300,000, ya nuna yawan mutuwa a cikinsu ya yi ƙasa da na sauran jama'a da kashi 40 cikin ɗari, ko da yake duk mai hankali ya san masu wasan dama can sun fi kowa abinci da asibiti. Ga mutanenmu da hawan jini da ciwon sukari suka addaba, tafiyar ita ce ribar, shi ya sa nake mamakin wanda likita ya tura fili ya je ya hau 'yar motar lantarki.

Bugun kansa kuwa wani abu ne daban. Cikin abin da bai kai daƙiƙa biyu ba, mutum zai murɗa gangar jikinsa baya, ya dawo da ita da iyakar ƙarfinsa, ya tsayar da ita kwatsam, kuma kullum ta gefe ɗaya. Allah Ya yi wa ƙugu da saman gadon baya damar juyawa, amma ƙasan baya an yi shi ne don ya tsaya ya ɗauki nauyi. Mutumin da ya wuni kwana biyar a kujerar ofis da ta mota, ƙugunsa ya sandare, kafaɗunsa sun ranƙwafa, in ya zo Asabar ya ɗauki sanda ba tare da ko miƙa ba, juyawar da ƙugu ya kasa yi ƙasan baya ne zai biya ta. Shi ya sa ciwon baya ya zama ciwon da ya fi kama masu wasan. Na san wani abokin aiki da ya sauya jerin sanduna sau biyu cikin shekara uku yana neman nisan bugu, alhali ba ya iya taɓa gwiwarsa da ƙirji in ya kwanta. Da kuɗin jeri ɗaya ya ba likitan gashin ƙashi ya duba shi, ya koya masa buɗe ƙugu da ƙarfafa tsokar ciki da ta mazaunai, da ya samu nisan, ya kuma huta da shafa man zafi. Jiki magayi.

Manyan 'yan wasa sun daɗe da gane haka. Gary Player na Afirka ta Kudu, wanda aka haifa a 1935, abokansa sun yi ta yi masa dariya don yana ɗaga ƙarfe, suna cewa zai sandare, sai ga shi ya ci manyan gasa tara. Tiger Woods ya zo ya rufe bakin kowa lokacin da ya ci gasar Masters ta 1997 da tazarar bugu 12 yana ɗan shekara 21, kuma tun daga nan ɗakin motsa jiki ya zama wajibi ga mai son kaiwa wani matsayi. Amma shi ɗin ma darasi ne ta ɗaya gefen, don sai da aka yi ta yi masa tiyata a baya har aka haɗe masa ƙasusuwa biyu a 2017, kafin ya dawo ya sake cin Masters a 2019. In wanda ke da likitoci da masu horo a gindinsa ya biya wannan farashi, ina ga babban sakataren da ya fito daga taro ya zarce fili da tsakar rana cikin zafin digiri 40, ko ruwa bai sha ba?

Masu jikin da wasan ke so suna nan a filin, sai dai a bayan mai gida suke tafiya. Ina nufin yaran da ke ɗaukar jaka. Su ne ke taka kilomita goman nan da kaya a kafaɗa, wani lokaci sau biyu a yini, su ne suka san kowane tudu da kwari, kuma su ne ke satar bugu da tsohuwar sanda in fili ya watse. Yawancin ƙwararrun 'yan wasan Nijeriya daga cikinsu suka fito. Seve Ballesteros na Sifen, wanda ya ci manyan gasa biyar, haka ya fara a ƙauyen Pedreña: ya samu tsohon kan sanda mai lamba uku, ya riƙa sare itace yana cusa masa, yana jiƙawa a ruwa ya kumbura ya kama, kamar yadda ake yi wa fartanyar da ƙotarta ta yi sako-sako. Ƙasar nan ma ta taɓa zama matattarar masu tasowa, don Vijay Singh na Fiji ya ci babbar gasar Nijeriya a 1988 da 1989 kafin ya zama na ɗaya a duniya a 2004. Ba kowane mai ɗaukar jaka ne zai zama zakara ba, kuma wannan ne ya sa ya kamata kowane kulob ya ware ɗaki ɗaya da teburi ɗaya, ya ɗauki biyu ko uku daga cikinsu ya koya musu awo da gyara, wasu kuma a tura su su koyi horar da jiki. Yaron da ya kai shekara 30 yana ɗaukar jaka ba shi da inda za shi.

Ga kuma dukawa. Safar hannun da ɗan wasa ke sawa, mai kyau daga cikinta da fatar tumaki marasa ulu ake yin ta, irin na Habasha, kuma Balami da Uda da 'Yankasa da ake korawa ta Kongolam zuwa kasuwanninmu duk marasa ulu ne. Ba na cewa gobe za mu fara ɗinka safar da za ta yi gogayya a kasuwar duniya, jimarta tana da wuya. Amma hular rufe kan sanda, da aljihun ƙwallo, da maɗaurin jaka, da naɗin fata a mariƙi, wane ne daga cikinsu ya fi ƙarfin badukun da ke yi wa dawakin Hawan Sallar Gani kwalliya?

Na san abin da wasu za su ce, don ni ma nakan faɗa: wasan masu hannu da shuni ne, kuma a ƙasar da mata ke bin layin rijiya, shayar da ciyawa don a gangara ƙwallo abin kunya ne. Na yarda, kuma duk gwamnatin da ta ɗauki kuɗin jama'a ta gina filin ƙwallon lambu a masarautar Daura zan kasance cikin masu fara sukarta a wannan shafi. Haka kuma kasuwar ƙarama ce, ba za ta ɗauki dubban samari ba. Amma kuɗin ana kashe su ko mun so ko mun ƙi, tambayar kawai ita ce ko wani abu daga ciki zai tsaya a gida. Samarin Kongolam sun ga yadda abincin bakin iyaka yake. An rufe iyaka a Agustan 2019, a Nuwamban shekarar aka hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, a Mayun 2023 aka janye tallafin da ke sa jarkar fetur ta yi riba a tsallake, bayan juyin mulkin Nijar na Yulin shekarar aka sake rufewa har zuwa Maris na 2024. Sana'ar da sanarwa ɗaya daga Abuja ko Yamai za ta kashe ta cikin dare ba abin dogaro ba ce. Yaron da ya iya karanta ma'aunin kusurwa ya kuma iya yanke ƙarfe daidai da milimita, in bai samu sandar ƙwallo ba zai samu sandar guragu da za a auna wa marar lafiya, da kujerar ɗalibi, da garmar shanu.

Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Daura a 2019 tana da ɗakunan aikin ƙarfe da malamai, masarauta kuma tana da Sarkin Maƙera da sauran shugabannin sana'a. Kwas na wata uku a kan awo da haɗa kayan hannu, wanda za a buɗe wa 'ya'yan maƙera da masassaƙa ba tare da an tambaye su sakamakon jarrabawar Turanci ba, bai fi ƙarfinsu ba, kuma kulob-kulob na Kano da Kaduna za su iya aiko da nasu yaran da tsofaffin sandunan da za a koya da su. Amma da Hausa za a koyar, in ana son maƙeri ya zauna. Nan ne aikin irinmu ya shigo, kuma bai kai wahalar da muke ba shi a tarurruka ba, don kalmomin suna nan a maƙera. Kan sanda shi ne ruwa, kamar ruwan fartanya, gora ita ce ƙota, mariƙi yana nan da sunansa, kusurwar gora da ƙasa ita ce zama, karkatar fuskar da ke ɗaga ƙwallo sama kuma kishingiɗa. In aka ce wa maƙeri ruwan nan zamansa ya miƙe da digiri biyu, abu ɗaya kawai zai tambaya a cikin jimlar, wato mene ne digiri, kuma wannan darasin yini ɗaya ne da ma'auni a hannu.